Waɗanne littattafai zan ba yarana a kan wariyar launin fata da adalci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Muna zaune a Amurka da yaranmu uku: 'yar shekara 15, ɗan shekara 10, da auta 'yar shekara 5. Kwanan nan na tsakiyan ya fara dawowa daga makaranta da tambayoyi a kan bauta da wariyar launin fata. Ni ba a ƙasar na tashi ba, tarihin bai zauna mini ba. Na shiga laburare na tarar da littattafai kanta guda, na rasa na ɗauka. Waɗanne ne suka dace? Kuma autar ba ta yi ƙanƙanta da irin wannan magana ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya su, ya yi musu albarka.

Zan ambata miki littattafai, amma kafin nan ga ma'aunin da nake gwada su da shi a sashen yara na laburare, domin sababbi na fitowa kowace shekara, kuma bango ba ya faɗin abin da ke ciki. Idan yaro ya rufe littafin, zai iya gaya miki wa ya yi zaluncin, da wace doka ko wane tsari aka yi shi, kuma su wa suka tashi tsaye har aka canza? Da yawa daga cikin littattafan da kika gani a kantar nan ba za su ci wannan jarrabawa ba. Abin da suke barin yaro da shi bai wuce cewa a da an yi wasu mutane marasa kirki, yanzu sai mu riƙa ƙaunar juna ba. Wannan tarbiyya ce, babu mai ƙin ta. Sai dai abin da ya hana yaro baƙar fata shiga makarantar da ke bayan gidansu a kudancin Amurka ya wuce rashin kirkin maƙwabci. Doka ce a rubuce, da 'yan sandan da ke gadinta, da alƙalan da suka ɗaure mata gindi tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1896, wanda ya halatta a raba mutane muddin an ce abin da aka ba kowane ɓangare daidai yake. Sai a 1954 kotun ta warware wannan a kan makarantu. Yaron da ba a nuna wa dokar ba, ba zai gane dalilin da ya sa har yau wasu unguwanni da makarantunsu suka bambanta da wasu ba, kuma abin da nake gudu shi ne ya yanke wa kansa hukunci cewa laifin mutanen unguwar ne.

Bari in fara da ɗan shekara 10, tunda shi ya taso da zancen. Idan littafi ɗaya tak za ki ba shi, ki ba shi Roll of Thunder, Hear My Cry na Mildred D. Taylor, wanda ya fito a 1976, ya kuma ci lambar Newbery, babbar lambar yabo ta adabin yara a ƙasar, a 1977. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 9 mai suna Cassie Logan, a jihar Mississippi, a 1933. Tun a babin farko za ki ga abin da nake nufi. Ranar da aka koma makaranta malama ta yi wa yara albishir cewa bana kowa zai samu littafin karatu nasa na kansa. Ƙanin Cassie, yaro mai tsananin son tsafta, ya karɓi nasa ya ga tsoho ne, duk ya yi dauɗa. Da ya buɗe bangon ciki sai ga jadawali: shekarar da aka ba da littafin, halin da yake ciki, da launin ɗalibin da aka ba. A 1922 littafin sabo ne, ɗalibin farar fata. Haka layi bayan layi, littafin yana tsufa, ɗalibin yana nan farar fata, har layi na 12, a 1933, inda aka rubuta cewa littafin ya lalace ƙwarai, a gefe kuma aka sa kalmar wulaƙancin da ake kiran baƙar fata da ita. Yaron ya yi jifa da littafin ya tattake shi. Babu farar fata ko ɗaya a ajin, babu wanda ya zage shi baki da baki. Hukumar ilimi ce ta yi masa magana ta cikin jadawali. Malamar da ta zane shi a kan abin da ya yi ma baƙar fata ce, wadda ta saba da abin har ta daina ganinsa.

Ɗan shekara 10 yana gane wannan nan take, domin babu wanda ya kai yaro lura da rabon da ba a yi daidai ba. Haka littafin yake tafiya: motar bas ta 'ya'yan fararen fata tana watsa musu taɓo a hanya, su kuwa ba a ba makarantarsu mota ba, gidan su Cassie suna iya buɗe baki saboda suna da gona tasu eka 400, maƙwabtansu da ke noma a gonar wani kuma bashi ya ɗaure musu harshe. Amma ki sani akwai wurare masu nauyi, har da mutanen da aka banka wa wuta da yaron da aka so a kashe ba tare da shari'a ba. Ki karanta tare da shi, ko ki riƙa gaba da shi da babi ɗaya.

Idan yaron mai son dariya ne, The Watsons Go to Birmingham – 1963 na Christopher Paul Curtis, na 1995, zai fi saurin shiga ransa. Ya soma da wani yayan da leɓensa ya manne a madubin mota saboda sanyi, garin sumbatar hoton kansa, kuma fiye da rabin littafin barkwancin gida ne. Sai da yaro ya saba da mutanen gidan, ya ɗauke su nasa, sannan tafiya ta kai su Birmingham ta jihar Alabama a daidai lokacin da aka dasa bam a wani cocin baƙaƙen fata, ranar 15 ga Satumba 1963, 'yan mata huɗu suka rasu. Wannan jeri da marubucin ya yi shi ne gwanintarsa, domin yaro ba ya jin zafin abin da ya sami wanda bai sani ba.

A ɓangaren tarihi na gaskiya, ki nemi Through My Eyes, na 1999, wanda Ruby Bridges ta ba da labarin kanta a ciki, da hotuna. Tana 'yar shekara 6 ranar 14 ga Nuwamba 1960 jami'an tsaron gwamnatin tarayya huɗu suka raka ta makarantar William Frantz ta fararen fata a New Orleans. Da ta ga taron jama'a na ihu a ƙofa, ta zaci bikin gari ake yi. Iyaye fararen fata suka kwashe 'ya'yansu, malama ɗaya, Barbara Henry, ta koyar da ita ita kaɗai a aji shekara guda. Wata mata a cikin taron ta riƙa ɗaga 'yar tsana baƙa a cikin ƙaramin akwatin gawa. Abin da ya sa nake fifita wannan a kan gajerun littattafan da aka yi a kanta shi ne ya faɗi abin da iyalin suka biya: mahaifinta ya rasa aikinsa, kakanninta aka kore su daga gonar da suke noma a Mississippi. Ki gaya wa ɗanki a 1954 aka haife ta, wato sa'ar kakarsa ce. Yara na ɗaukar hoton da ba shi da launi a matsayin abin da ya faru tun zamanin da can, sai an yi musu wannan lissafi suke zaro ido.

Akwai wani labari da nake so ki gyara masa tun da wuri, domin kusan tabbas an riga an ba shi a karkace. Ana gaya wa yara cewa Rosa Parks wata tsohuwa ce da ta gaji da aiki ta ƙi tashi ta bar wa farar fata kujerar bas, shi ke nan sai doka ta canza. Shekararta 42 a lokacin, ta daɗe tana sakatariyar reshen NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, na birnin Montgomery, kuma ita da kanta ta musanta zancen gajiyar jiki. Bayan kama ta ranar 1 ga Disamba 1955, dubban mutane suka ƙaurace wa motocin bas kwana 381, suna tafiya a ƙasa, suna haɗa motocinsu suna ɗaukar juna. Wata tara kafin nan kuma, ranar 2 ga Maris, wata ɗaliba 'yar shekara 15, Claudette Colvin, ta yi irin abin da Parks ta yi, 'yan sanda suka fizge ta daga mota. Tana cikin mata huɗun da ƙararsu ta kai ga soke wariyar bas a 1956. Littafin Phillip Hoose na 2009, Claudette Colvin: Twice Toward Justice, ya kawo wannan dalla-dalla, har da dalilan da suka sa shugabannin gwagwarmayar ba su ɗauke ta a matsayin fuskar tafiyar ba. Zai yi wa na tsakiya nan da shekara biyu, zai yi wa babbar yanzu. Labarin jarumi ɗaya yana da daɗin faɗa, amma yana koya wa yaro ya zauna jiran jarumi.

Kada duka su zama na tarihi. New Kid na Jerry Craft, na 2019, labari ne da aka zana hoto-hoto, kuma shi ne irinsa na farko da ya ci Newbery, a 2020. Yaro ne baƙar fata a makarantar kuɗi ta yau, inda babu mai zagi sai ƙananan abubuwa, kamar malamar da ke ta kiran abokinsa da sunan wani yaro baƙar fata daban. Wataƙila wannan ya fi kama da abin da ɗanki ke gani da idonsa.

Yanzu autar. Ba ta yi ƙanƙanta da ganin launi ba, ta daɗe da gani. Bincike ya nuna jarirai 'yan wata uku sun fi kallon fuskokin da suka yi kama da waɗanda suka saba da su. Wannan sabo ne kawai, ma'anar da za a ɗora masa daga baya ita ce abin lura. A shekarun 1940 masana halayyar ɗan Adam biyu, Kenneth da Mamie Clark, sun ajiye 'yan tsana farare da baƙaƙe a gaban yara baƙaƙen fata 'yan shekara 3 zuwa 7, akasarinsu suka zaɓi farar a matsayin mai kyau. Kotun Ƙoli ta yi nuni da aikinsu a hukuncinta na 1954. Wani bincike na 2010 kuma ya gano cewa yaran da aka karanta wa labarin da ke cewa kada a kula da launi kwata-kwata sun fi kasa gane wariya ko da an yi ta ƙiri-ƙiri a gabansu. Saboda haka shiru ba kariya ba ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: gara ta ji daga bakinki kafin ranar da wata za ta ce mata ba za ta yi wasa da ita ba saboda fatarta.

Sai dai ba da bauta da bulala za ki fara mata ba. A wannan shekaru akasarin abin da take buƙata shi ne ta ga yara masu kama da ita suna rayuwarsu. The Snowy Day na Ezra Jack Keats, na 1962, yaro ne baƙar fata ya fita wasa a dusar ƙanƙara, ya sa dunƙule ɗaya a aljihu don gobe, ya dawo ya tarar ya narke. Iyakarsa ke nan, babu wa'azi ko kaɗan. Sulwe na Lupita Nyong'o, na 2019, ya taɓo abin da mu kanmu muke yi wa juna, wato fifita mai haske a kan mai duhu a cikin gida ɗaya. Ki karanta shi ko da babu farar fata a kusa. Idan kina so ki ɗan matsa gaba, The Other Side na Jacqueline Woodson, na 2001, yara mata biyu ne da shinge ya raba unguwanninsu, an hana kowacce ƙetarawa, sai suka hau suka zauna a kan shingen tunda babu wanda ya hana wannan. Tambayar da ƙananan yara ke yawan yi a nan ita ce wa ya kafa shingen, kuma ita ce tambayar da ake nema.

Wannan batu na yaro ya ga kansa a littafi yana da tarihi. A 1965 wata malama mai suna Nancy Larrick ta ƙirga littattafan yara 5,206 da aka buga a ƙasar tsakanin 1962 da 1964, ta samu 349 ne kawai ke da baƙar fata ko da mutum ɗaya a ciki. A 1985 cibiyar nazarin littattafan yara ta Jami'ar Wisconsin ta tarar cewa cikin kusan 2,500 da aka buga a shekarar, 18 kacal baƙaƙen fata suka rubuta ko suka zana. Ko a ƙidayarta ta 2018, kashi 27 cikin 100 na littattafan a kan dabbobi da makamantansu suke, kashi 10 a kan baƙaƙen fata. Farfesa Rudine Sims Bishop ce ta ce a 1990 littafi kan zame wa yaro madubi ko taga. Abin da zan ƙara shi ne idan duk madubin da kika ba 'yarki mutum ne a cikin sarƙa ko a hannun ɗan sanda, kin koya mata wani abu da ba ki yi niyya ba. A ra'ayina, a kowane littafi ɗaya na gwagwarmaya ki haɗa da biyu ko uku na yara baƙaƙen fata da ke binciken sirri, ko zuwa sararin samaniya, ko faɗa da ƙannensu.

Babbar ba ta buƙatar a tace mata da yawa, abokiyar hira take buƙata. The Hate U Give na Angie Thomas, na 2017, labarin 'yar shekara 16 ce da ɗan sanda ya harbe abokinta a gabanta, ya ce ya zaci burushin gashi bindiga ne. Akwai ashar a ciki da zancen samari, ki sani tun yanzu, amma ya nuna yadda ake juya labarin mamaci a jarida, da yadda shari'a ke mutuwa tun kafin ta shiga kotu. March, juzu'i uku cikin zane da suka fito daga 2013 zuwa 2016, tarihin John Lewis ne, ɗaya daga cikin jagororin gwagwarmayar baƙaƙen fata, wanda aka fasa wa kai lokacin zanga-zanga a gadar Selma ranar 7 ga Maris 1965. Ina da rauni a kan wannan littafi saboda aikina: ranar da juzu'i na uku ya ci lambar littafi ta ƙasa, Lewis ya tuna yadda a 1956, yana ɗan shekara 16, ya je laburaren garinsu neman kati aka ce masa na fararen fata ne kawai.

Makaranta za ta iya ba ta To Kill a Mockingbird na Harper Lee, na 1960. Littafi ne mai kyau, amma labarin lauya farar fata ne da 'yarsa, baƙar fatan da ake tuhuma ba a cika jin muryarsa ba. Ki haɗa mata shi da Just Mercy na Bryan Stevenson, bugun matasa na 2018. A ciki akwai Walter McMillian, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a 1988 bayan shari'ar kwana ɗaya da rabi, a kan kisan da bai yi ba, alhali mutane da dama sun shaida suna tare da shi a lokacin. Sai a 1993 aka sake shi. Ɗan Monroeville ne a jihar Alabama, garin su Harper Lee, inda ake alfahari da littafinta. Idan ta karanta biyun a jere ba sai kin yi mata sharhi ba. Stamped na Jason Reynolds da Ibram X. Kendi, na 2020, yana da daɗin karatu, sai dai hujja ce marubutan ke kafawa, kuma akwai masana da ba su yarda da yadda suka auna wasu mutanen tarihi ba. Ta karanta shi tana gardama da shi.

Kada su ɗauka abin tsakanin baƙi da fari ne kawai, ko a Amurka kawai. Separate Is Never Equal na Duncan Tonatiuh ya kawo ƙarar iyalin Sylvia Mendez, 'yan asalin Meziko da Puerto Rico, da suka yi nasara a kan wariyar makarantu a California a 1947. Journey to Jo'burg na Beverley Naidoo, na 1985, yara biyu ne suka kama hanyar Johannesburg neman mahaifiyarsu mai aikatau a gidan fararen fata. Gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu ta haramta shi har zuwa 1991.

Wanda za ki bari kuwa, ki duba hotuna kafin rubutu. A Janairun 2016 kamfanin Scholastic ya janye wani littafin yara a kan Hercules, bawan da ke dafa wa George Washington, shugaban Amurka na farko, abinci, saboda an zana bayi suna ta murmushi suna haɗa kek. Hercules na gaskiya gudu ya yi a 1797, ranar zagayowar haihuwar ubangidan nasa. Ki kuma lura da littafin da komai a cikinsa "an yi" ne, an kawo su, an raba su, an hana su, ba tare da an taɓa faɗin wa ya yi ba. Hatimin lambar Coretta Scott King a bango, wadda ake ba marubuta da masu zane baƙaƙen fata tun 1970, alama ce mai kyau idan kina sauri.

Akwai wani abu da ya shafe ku musamman. 'Ya'yanki ba jikokin bayin Amurka ba ne, kuma wani lokaci yaran da iyayensu suka zo daga Afirka sukan ɗauka wannan tarihi na wasu ne, har su riƙa yi wa baƙaƙen fatan ƙasar kallon raini, sau da yawa daga abin da suke ji a gida. Ki gaya musu dokar shige da fice ta 1965, wadda ta soke rabon gurabe bisa ƙasar asali ta buɗe ƙofa ga mutanen Afirka da Asiya, ta biyo bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta zaɓe ta 1965 ne, a cikin iskar da waɗannan mutane suka tayar da jininsu. Ɗan sanda a titi kuma ba ya tambayar yaro inda aka haifi kakansa.

Kalmar zagin nan za ta fito a littafin Taylor da wasunsu. Ni idan ina karanta wa yara a bayyane ba na furta ta. Nakan tsaya in ce ga kalmar da aka rubuta, ga wanda ya faɗe ta, ga abin da yake so ta yi wa wanda aka faɗa wa. Ku yanke naku hukuncin a gida kafin ku iso shafin. Sannan wasu daga cikin littattafan nan, irin su The Hate U Give da Stamped, suna cikin waɗanda aka fi neman a cire daga makarantu a 2020, don haka mai yiwuwa ba za ki same su a laburaren makaranta ba. Ki tambaya a laburaren gari. Idan babu a reshenku, ma'aikatan za su iya aro miki daga wani reshe da katinki.